Jinjina ga Masu Gyaran Takalma na Kakuri

In ruwan Agusta ya sauko, lungunan Kakuri da Nasarawa taɓo suke zama. A lokacin nake ƙara ganin girman masu gyaran takalma, masu zagayawa suna ƙwanƙwasa akwatin katako. Sun san gam kaɗai ba ya riƙe ƙasan sau-ciki da damina. Sai ka ga mutum ya goga zare a kakin zuma, ya huda da basilla, ya ja ɗinki har ya nutse cikin fata, kakin ya toshe hudar. Sannan ya cusa man takalmi na Kiwi a bakin ɗinkin da yatsa, ya shanya. Albarkacin hannun nan mai gadi a Barnawa ke kwana da busasshiyar safa.