Kundin Masana'anta da Shaidar Ƙarfe: Nazarin Binciken Asalin Libarbar Gasa

Libarba ƙaramar bindiga ce ta hannu wadda harsasanta suke zaune a cikin wata ganga mai ramuka da ke juyawa bayan kowane harbi, ita kuwa libarbar gasa ita ce wadda aka ƙera musamman domin gwada gwanintar saiti a kan allo, ba domin yaƙi ko tsaron kai ba. An san ta da ma'aunin saiti wanda ake iya matsarwa sama ko gefe, da kunama mai laushin ja, kuma zamaninta na bunƙasa ya faro ne daga shekarun 1880, lokacin da gasar harbi ta zama wasan masu hali a Amurka da Ingila. Da yake kaɗan aka ƙera irin waɗannan bindigogi idan aka kwatanta da na soja, masu tara kayan tarihi suna daraja su ƙwarai, daga nan ne kuma wata al'adar bincike ta tsiro, wadda manufarta ita ce gano lokacin da aka ƙera kowace bindiga, da siffar da ta fito da ita, da hannun da ta fara shiga.

Ginshiƙin wannan bincike shi ne lambar jeri, wato lambar da masana'anta take bugawa a jikin kowace bindiga don bambanta ta da 'yan uwanta. Kamfanin Smith & Wesson na garin Springfield a jihar Massachusetts ya fito da samfurin New Model No. 3 a shekarar 1878, sannan a 1887 ya ware masa nau'in gasa mai cin harsashin .32-44 da .38-44, ya kuma ba shi jerin lambobi na kansa daga 1 zuwa 4,333. Shi kuwa kamfanin Colt na garin Hartford a jihar Connecticut bai yi wannan rabon ba, domin samfurinsa na Bisley, wanda ya fito a 1894 ya kuma ari sunan filin gasar harbi na Bisley da ke Ingila, lambobinsa suna cakuɗe ne da na sanannen samfurinsa Single Action Army. Daga cikin Bisley fiye da 44,000 da aka ƙera, 976 kacal ne na gasa masu shimfiɗaɗɗen doro, saboda haka lambar jeri ita kaɗai ba ta iya nuna ko bindigar Colt ta gasa ce tun asali ko kuwa daga baya aka sauya mata kama.

A nan ne takardar masana'anta take shigowa, wato wasiƙar da mai kula da tarihin kamfani yake rubutawa bayan ya duba tsofaffin kundaye, inda yake bayyana girman harsashi da tsawon bututu da launin ƙarfe da ranar da aka fitar da bindigar da kuma wanda aka aika wa. Roy Jinks, wanda a da ya daɗe yana riƙe da tarihin Smith & Wesson, ya kuma wallafa littafin tarihin kamfanin a 1977, shi ne ya fi kowa ɗaukaka martabar wannan takarda, har ta zama abin da ake fara tambaya a wurin gwanjo. Sai dai abin da masu saye da yawa suke mantawa shi ne cewa kundin da aka ciro bayanin daga cikinsa littafin fitar da kaya ne, akawun da ya rubuta shi kuwa ciniki ne a gabansa, bai yi tunanin masu tarihi ba. Ranar da ke cikinsa ranar barin sito ce, ba ranar ƙira ba, sunan da ke cikinsa kuma sau da yawa na babban dillali ne, irin su M. W. Robinson na birnin New York, wanda daga shagonsa sawun bindigar yake ɓacewa.

Tazarar da ke tsakanin ƙira da fitarwa tana da nauyi a gaban doka. Dokar Amurka ta 1968 ta ɗauki duk bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, wanda ƙa'idojin cinikinsa suka fi sauƙi. Smith & Wesson ba ya fitar da kaya bisa jerin lamba, kuma New Model No. 3 ta ci gaba da barin masana'anta har bayan 1900, amma binciken kundaye ya tabbatar da cewa dukkan gangar jikinta, wadda ita ce doka take kira bindiga, an gama ƙera ta kafin 1899. Ke nan bindigar da takardarta ta nuna 1905 tana iya zama kayan tarihi, abin da ba zai taɓa fahimtuwa ga wanda ya tsaya a kan takarda kaɗai ba. A wajen Colt kuwa iyakar tana faɗawa ne kusa da lamba 182,000, ta raba samfurin Bisley gida biyu.

Saboda haka ƙwararren mai bincike yakan sa takarda a hannu ɗaya, ƙarfe a ɗaya hannun. Yana duba ko lambar da ke gindin mariƙi ta yi daidai da wadda ke kan ganga da bututu da maɓallin buɗe bindigar da cikin katakon mariƙi, domin saɓaninsu yana nuna an haɗa bindigar ne daga sassa dabam-dabam. Yana neman ɗan tauraron da Smith & Wesson ya riƙa bugawa kusa da lamba idan bindiga ta koma gida don gyara, yana kuma lura da gefen rubutu, wanda yakan dushe idan an goge ƙarfe an sake rina shi. Wannan duba ya zama dole ne saboda tsadar nau'in gasa ta sa wasu maƙera suna shafe doron bindiga ta gama-gari su dasa mata ma'aunin saiti, wanda hakan zamba ce ga mai saye, ɓarna ce kuma ga tarihi, tunda an lalata shaida ta gaskiya don a ƙirƙiri ta ƙarya.

Bindigogin da suka tsallaka zuwa Ingila sun fi sauran wadatar shaida, domin dokar ƙasar ta wajabta a gwada ƙarfin kowace bindiga a gidan gwaji na Landan ko na Birmingham kafin a sayar da ita, a kuma buga mata hatimi, siffar hatimin kuwa ta sauya daga zamani zuwa zamani, don haka tana taimakawa wajen ƙiyasta shekara. Bugu da ƙari, kundayen cinikin bindiga na shagon Army & Navy na Landan, waɗanda suke ajiye a Jami'ar Glasgow, suna ɗauke da sunayen waɗanda suka sayi kaya da hannunsu, ta yadda mai binciken wata libarbar kamfanin Webley ko Colt da ta bi ta wannan shago yakan ci gaba daga daidai inda kundin masana'anta ya tsaya, ya kai ga hafsan soja ko ɗan gasar da ya fara ɗaga ta a fili.