Dawowar Titanic: Hawayen 'Yan Kallo da Alƙalamin Manazarta

A watan Disamba na 1997 ne fim ɗin Titanic na James Cameron ya fara fitowa, kuma tun daga lokacin sau uku ana mayar da shi gidajen sinima: a 2012, da jirgin ya cika shekara 100 da nutsewa, sai a 2017, sai kuma a Fabrairun 2023. Duk dawowar da ya yi, tsohuwar gardama ce ke tashi. 'Yan kallo su cika kujeru su fito idanu jawur, wasu manazarta kuma su ce ba su ga abin kuka ba. A wannan ɗan sharhi ina so in duba inda gaskiyar kowane ɓangare ta tsaya, a matsayina na wanda ya fara ganin fim ɗin a Suleja, garin da babu teku kusa da shi.

Mu a kaset ɗin bidiyo ya iso mana. A wani gidan kallo na gan shi, a kan benci, janareto na ruri a waje, hoton ya koɗe saboda yawan kwafa. Rabin ɗakin ba ya jin Turancin da ake yi, amma babu wanda ya nemi tafinta kafin ya gane inda aka dosa: yarinya 'yar dangi, uwa da talauci ya yi wa sallama tana ɓoyewa, attajiri mai girman kai da ake so a ɗaura wa yarinyar, da kuma saurayi ɗan talaka wanda ba shi da komai sai zane da daɗin baki. Wannan ai auren dole ne, jigon da littattafan soyayya suka riga suka shayar da mu. Alal misali, a cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya 'yar masu hali ta faɗa rijiya saboda an hana ta talakan da take so. Saboda haka da Rose ta haye ƙarfen bayan jirgi za ta faɗa teku, ba baƙon abu muka gani ba.

A nan ne manazarta suka sami abin kamawa. Kenneth Turan na jaridar Los Angeles Times ya yi kaca-kaca da maganganun da aka sa a bakin taurarin, har Cameron ya fusata ya mayar masa da martani a jaridar a 1998. Kuma in za a faɗi gaskiya, Turan bai yi ƙarya ba. Cal mugu ne tun daga hularsa har takalminsa, ba a bar masa ko ɗigon alheri ba, Jack kuwa ba shi da aibi ko ɗaya. Hasali ma, fim ɗin da ya kwashi lambar yabo ta Oska 11 ko takarar rubutun labari ba a sa shi ba. Mai karatu zai tuna cewa irin wannan tuhuma ce aka yi wa marubutanmu a shekarun 1990, lokacin da aka laƙaba wa ayyukansu sunan Adabin Kasuwar Kano. Can da nan, masu alƙalami na kushewa, masu kuɗin saye na layi.

To amma ina ganin an auna soyayyar nan da ma'aunin da ba nata ba. Aikinta a cikin zubin fim ɗin shi ne ta zame wa mai kallo tsani. Da yake Jack ɗan ƙasan jirgi ne, Rose kuma 'yar sama, dole a yi ta hawa da sauka: teburin cin abincin attajirai, ɗakin rawar talakawa, ma'ajiyar kaya, har wurin masu zuba gawayi a wuta. Kafin jirgin ya ci karo da dutsen ƙanƙara, mun san lungunansa kamar gidanmu. Shi ya sa da ruwa ya fara shiga, mun san wanda zai fara ci. Wannan kuwa ba ƙirƙirar Cameron ba ce. Jirgin ya ɗauki mutum fiye da 2,200, kwale-kwalen ceto kuma 20 ne kacal, masu cin mutum 1,178. Na farkon da aka sauke ya tafi da mutum 28 alhali yana iya ɗaukar 65. Mutum fiye da 1,500 suka halaka a daren 15 ga Afrilun 1912. Daga cikin masu tikitin daraja ta ɗaya wajen kashi 60 cikin 100 sun tsira, daga masu ta uku kuwa wajen kashi 25. Matar da aka nuna tana kwantar da 'ya'yanta biyu tana yi musu tatsuniya ruwa na tahowa, ko minti ɗaya ba ta yi a fuskar allo ba, amma ita ce ta fi daɗewa a raina, ba Rose ba.

Abin takaici, dawowar fim ɗin ba ta kai gardamar wajen nan ba. A 2012 an kashe dala miliyan 18 don mayar da shi salon hoton da ake kallo da tabarau, ya fito kamar a taɓa. Roger Ebert, wanda ya yaba wa fim ɗin tun farko, ya ce wannan ado bai ƙara masa komai ba, kuma na yarda da shi. An kuma gyara taurarin samaniya na daren nutsewar saboda masanin falaki Neil deGrasse Tyson ya ce an yi kuskure. A 2023 kuwa magana ta koma kan katakon nan da Rose ta kwanta a kai: shin da ta ɗan matsa, da Jack bai samu wuri ba? Har Cameron ya sa mutum biyu cikin ruwan sanyi aka gwada. Wato an shekara 25 ana lissafin wurin mutum guda a kan katako, an bar lissafin kujerun da suka tafi babu kowa a cikin kwale-kwale.

Mu ma nan ba mu tsira daga wannan ba. A 2003 Faruk Ashu-Brown ya yi nasa Titanic da Hausa, ya yanko hotunan jirgin daga fim ɗin Cameron, ya sa masoya Hausawa a ciki, ya kira shi Masoyiyata. Sunan kaɗai ya isa ya nuna abin da ya fi jan hankali. Ba na ganin laifinsa, don aro tsohuwar al'ada ce a adabi, Magana Jari Ce ma da aro aka gina shi. Sai dai jirgin da ya aro na wasu ne, alhali namu na nan suna nutsewa.

A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zai je Wara a Jihar Kebbi, ya tsage a tsakiyar Kogin Kwara da mutum fiye da 150 a ciki. A Oktoban 2024 wani ya kife da dare kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa, ɗauke da kimanin mutum 300 masu harkar Maulidi, yawancinsu mata da yara. Duk abin da Cameron ya gina fim ɗinsa a kai yana nan: rashin abin ceto, da talakan da ba shi da wata hanya sai ruwa. Fasinjojin Titanic an san sunayensu da darajar tikitin kowa, har an rubuta littattafai a kan ɗaiɗaikunsu. Na Wara da na Gbajibo kuwa, rahotannin da aka bayar a kansu da kalmar "kimanin" suka fara, kuma da ita suka ƙare.