Gwanintar riƙon katin bashi a Amurka

A Amurka, yadda mutum ke riƙon katin bashinsa na iya sa mai gida ya ba shi haya ko ya hana shi, na kuma iya sa banki ya sauƙaƙa masa bashin mota ko ya tsawwala masa. Katin ATM da muka saba da shi a Najeriya da Nijar kuɗinka kake ɗiba da shi. Katin bashi kuwa kuɗin banki ne ake ba ka ka kashe har zuwa wata iyaka, ka biya daga baya. Ina jinjina wa waɗanda suka iya shi, domin aiki ne na natsuwa da lissafi wanda ba kowa ke jure masa ba.

Gwani ya san ranaku biyu kamar yadda ɗan koli ya san ranar da kowace kasuwa ke ci. Ta farko ita ce ranar da banki ke rufe lissafin wata. Ta biyu ita ce ranar ƙarshe ta biya, kuma dokar da aka yi a 2009 ta tilasta wa bankuna su bar aƙalla kwana 21 tsakanin aiko takardar lissafi da wannan rana. Wanda ya biya duk abin da ke takardar kafin wa'adi, ba a ɗora masa ruwa ko na sisi a kan sayayyarsa. Wanda ya tsaya kan ɗan ƙaramin kason da banki ya ce ya isa, shi ne ya shiga tarko, don a 'yan shekarun nan ruwan katunan ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Musulmi da dama da ke can ta hanyar biya gaba ɗaya suke kauce wa riba, ko da yake malamai sun saɓa kan halaccin sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin ruwa tun farko. Gwani ba ya cirar tsabar kuɗi da katin, saboda ruwan wannan tun ranar cira yake fara hawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke kula da sunansu a wajen masu ba da bashi. Kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, ke tara tarihin bashin kowa, daga nan ake fitar da makin FICO, wanda ya fito a 1989, mai tashi daga 300 zuwa 850. Kashi 35 na makin biya a kan lokaci ne, kashi 30 kuma yawan bashin da ke wuyan mutum, musamman idan aka auna shi da iyakar katinsa. Galibin bankuna adadin ranar rufe lissafi suke kai wa kamfanonin, shi ya sa gwani kan rage bashinsa kafin ranar, don abin da za a rubuta masa ya zama kaɗan. Tsohon katinsa ma ba ya rufe shi. Yakan saya ɗan abu da shi lokaci-lokaci don kada banki ya rufe asusun saboda rashin motsi, tunda daɗewar tarihi na da kashi 15.

Jinkirin da ya kai kwana 30 ana kai rahotonsa, kuma tabon na zama shekara bakwai. Idan ya kai kwana 180, banki kan ɗauki bashin a matsayin asara, sau da yawa ya miƙa shi ga masu karɓo bashi. Wanda ya iya, da ya hango matsi, shi ke fara kiran banki a nemi sassauci.

Baƙo kuwa ba shi da tarihi sam, don haka ba kasafai ake ba shi kati ba. Mafitarsa kati mai jingina: ya ajiye kuɗinsa, a ba shi iyaka daidai da ajiyar, ya riƙa biya har a amince da shi. Wanda bai kai shekara 21 ba sai ya nuna yana da kuɗin shiga ko ya kawo wanda zai tsaya masa.

Mai ɗa ko ƙani da ke shirin tafiya karatu can, ya gaya masa cewa doka ta ba shi damar karɓar rahoton bashinsa kyauta daga kamfanonin nan uku kowace shekara. Ya duba shi da kyau, in ya ga kuskure ya nemi a gyara.