HyperNormalisation: Mai Tona Asirin 'Yan Rufa-ido, Shi Ma Da Nasa Siddabarun

Fim: HyperNormalisation
Kamfani: BBC
Tsarawa da umarni: Adam Curtis
Shekara: 2016
Tsawo: Awa 2 da minti 46

Mai karatu, a wannan watan za mu ɗan bar Kano da Bombay mu leƙa Ingila. Fim ɗin da za mu yi tsokaci a kai ba shi da jarumi, ba shi da jaruma, balle a yi zancen rawa da waƙa a lambu. Irin wanda ake kira dokumentari ne, wato fim ɗin da ake haɗawa da hotunan abubuwan da suka faru a zahiri. Mai shi, Adam Curtis, Bature ne ɗan Ingila da ya daɗe yana aiki da BBC. Lokeshin ɗinsa shi ne rumbun da BBC ke adana tsofaffin kaset-kaset. Can yake shiga ya tsinto guntayen hotuna, ya jera su, ya ɗora kiɗa, sannan ya ɗora muryarsa yana ba da labari a natse, kamar malami a gaban aji.

Sunan fim ɗin da nauyi a baki. Curtis ya aro shi ne daga wani malamin jami'a haifaffen Rasha, Alexei Yurchak, wanda ya yi nazarin shekarun ƙarshe na Tarayyar Sobiyet. A lokacin kowa ya san tsarin ya ruɓe. Shugabanni sun sani, talakawa sun sani, shugabannin kuma sun san talakawa sun sani. To amma ba wanda ya iya hango wani tsarin da zai maye gurbinsa, sai kowa ya ci gaba da yi kamar lafiya lau, har ƙarya ta zama jiki. Hujjar Curtis ita ce ƙasashen Yamma ma sun faɗa wannan ramin: duniya ta yi wa 'yan siyasa da masu kuɗi rikici, sun kasa juya ta, sai suka ƙirƙiro wata duniyar ta bogi mai sauƙin ganewa, mai ɗauke da jarumai da mugaye kamar fim ɗin Indiya, jama'a kuma suka bi.

Labarin ya faro a 1975 a birane biyu. A New York, gwamnatin birnin ta ci bashi har wuya, bankuna suka ƙi ƙara mata, daga nan suka karɓe ragamar kuɗinta. A cikin wannan ruɗanin wani matashin ɗan kasuwar gine-gine, Donald Trump, ya samu rangwamen haraji mai tsoka ya fara tashe. A Dimashƙa kuwa, Shugaba Hafiz al-Assad na Siriya ya ga Henry Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka, ya yaudare shi, ya janye Masar gefe guda ta yi sulhunta da Isra'ila, aka bar Falasɗinawa a rana. Daga waɗannan zare biyu Curtis ya saƙa shekara arba'in, har da intanet, da Putin, da zanga-zangar dandalin Tahrir. An saki fim ɗin kimanin mako uku kafin Trump ya ci zaɓen Nuwamba 2016, abin da ya sa wasu suka riƙa kallon Curtis kamar mai duba.

Inda fim ɗin ya fi armashi, kuma inda ya fi shafar mu, shi ne kan Kanar Mu'ammar Gaddafi, mutumin da Kanawa ba su manta zuwansa garin a 1997 ba, zamanin Abacha. A 1983 an tayar da bam a barikin sojan Amurka a Beirut, mutum 241 suka mutu. Curtis ya ce gwamnatin Reagan ta san da hannun Siriya, amma taɓa Siriya tsokano tsuliyar dodo ne, domin Sobiyet na bayanta. Sai aka nemi wanda za a iya duka ba tare da an ji jiki ba. Aka samu Gaddafi. Bayan hare-haren filayen jirgin saman Rum da Biyana a Disamba 1985, da na wani gidan rawa a Balin, jiragen Amurka suka yi wa Tarabulus da Bengazi ruwan bama-bamai a Afrilu 1986. Abin da Curtis ya gano, wanda ya fi komai daɗi a fim ɗin, shi ne cewa shi kansa Gaddafin rol ɗin ya yi masa. An ba shi fitowar bos, ya karɓa hannu bibbiyu, domin duniya ta san da zamansa. Ga shi nan a allo, yau da kakin soja, gobe da alkyabba, yana cika baki.

Sai kuma aka canza masa rol. A Disamba 2003, bayan an mamaye Iraƙi an rasa makaman da aka ce akwai, Gaddafi ya ba da sanarwar ya watsar da shirinsa na makaman ƙare-dangi. A 2004 sai ga Tony Blair a cikin tantinsa suna musabaha. Mugun jiya ya zama tubabbe, abokin tafiya. A 2011 aka sake mayar da shi mugu, jiragen NATO suka yi ta luguden wuta, aka kashe shi a Sirte cikin Oktoba. Mutum ɗaya, fitowa uku, daraktoci ɗaya. Duk wanda ya kalli wannan sashe, da wuya ya ƙara sauraron labaran duniya da kunnen da.

Ta fuskar sana'a kuwa, editocinmu suna da abin koyo. Akwai inda ya gauraya bidiyon motsa jiki na Jane Fonda da hoton harbe Shugaba Ceausescu na Romaniya da matarsa a 1989. Akwai inda ya jero finafinan Amurka da aka yi kafin 2001, waɗanda a cikinsu ake ta ragargaza dogayen gine-gine, ya ɗora waƙa mai sanyi, bai ce uffan ba. Kai da kanka za ka tuna 11 ga Satumba, tsigar jikinka ta tashi.

To amma a nan gizo ke saƙar. Wannan gwanintar ita ce kuma matsalar. Idan ka ajiye hoto kusa da hoto ka sa kiɗa, zuciyar ɗan kallo za ta ƙulla alaƙa tsakaninsu ko da babu ita. Curtis ya san haka sarai. Sau da yawa inda ya kamata ya kawo hujja sai ya kawo kiɗa. Ba ka ganin wani masani ya fito ya ja da shi, ba ka jin daga ina ya samo magana. Murya ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ita ce mai ƙara, ita ce shaida, ita ce alƙali.

Mu koma kan Gaddafin. Wanda ya kalli fim ɗin bai san tarihi ba, zai tashi da tunanin cewa Kanar ɗan wasan kwaikwayo ne kawai da aka yi wa sharri. Alhali a 2001 kotu a Balin ta ɗora alhakin harin gidan rawan nan a kan jami'an leƙen asirin Libiya. Kuma ba sai mun je Turai neman shaida ba. Ranar 19 ga Satumba 1989, jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Injamena zuwa Faris ya tarwatse a sararin hamadar Tenere, cikin Jamhuriyar Nijar, mutum 170 suka hallaka. A 1999 kotun Faransa ta yanke wa 'yan Libiya shida hukunci a bayan idonsu, cikinsu har da Abdullahi Sanusi, mijin 'yar'uwar matar Gaddafi. Mutanen Chadi sun sha yaƙi da sojojinsa a kan zirin Auzu. Charles Taylor na Laberiya da Foday Sankoh na Saliyo duk a sansanoninsa suka samu horo. Waɗannan ba wasan kwaikwayo ba ne, jini ne ya zuba. Amma Curtis daga tagar Washinton da Landan yake leƙen Gaddafi, don haka Gaddafin da maƙwabtansa suka sani bai samu shiga labarin ba. Ka ga ke nan mutumin da ke zargin manya da rage wa duniya rikici don ta yi daɗin labari, shi ma abin da ya yi ke nan.

Haka batun ƙunar baƙin wake. Yadda ya jero shi, kai ka ce zare ɗaya ne daga Khumaini zuwa Assad zuwa duk inda abin ya ɓulla. Masu kallon finafinan Indiya dai sun san cewa 'yan tawayen Tamil na Sirilanka ne suka kashe Rajiv Gandhi ta wannan hanya a 1991, su kuwa ba ruwansu da Dimashƙa.

Wani abin da ya fi damuna shi ne halin da fim ɗin ke barin mai kallo. Curtis ya ba da labarin Vladislav Surkov, mashawarcin Putin a wancan lokacin, wanda ya ce yana ɗaukar nauyin ƙungiyoyi masu gaba da juna, sannan ya bari a san shi ne, don kowa ya rikice ya kasa bambance gaskiya da wasa. Madalla da tonon silili. To amma bayan kusan awa uku ana faɗa maka komai bogi ne, 'yan adawa sun gaza, masu zanga-zanga sun watse, me ya rage maka in ban da ka naɗe hannu? Surkov ɗin ma ai abin da yake nema ke nan.

Da alama Curtis ya ji irin wannan suka. A 2022 ya fitar da TraumaZone, kashi bakwai a kan rugujewar Sobiyet da Rashar da ta biyo baya, daga 1985 zuwa 1999, ya cire muryarsa gaba ɗaya, ya bar hotuna da ɗan rubutu a kan allo. A ganina ya fi wannan nauyi, ko da yake bai kai shi zaƙi ba.

Duk da haka HyperNormalisation ya cancanci kallo, musamman ga marubutanmu da daraktocinmu masu kukan cewa labarin siyasa ba ya sayuwa. Da Ingilishi yake, kuma akwai hotunan gawarwaki da jini, don haka ba na kallo da yara ba ne.