Duke Ellington: Gwanin da Ya San Muryar Kowane Makaɗi

Haɗa kan makaɗa goma sha biyar sai gwani. Kowa da busarsa, kowa da halinsa, amma ana so su tashi tare su sauka tare kamar numfashin mutum ɗaya. A fagen kiɗan jaz na Amurka, da wuya a samu wanda ya kai Duke Ellington iya wannan aiki.

Sirrinsa shi ne sanin mutanensa. In zai tsara kiɗa, da mabushin a ransa yake tsarawa, kamar tela da ya auna mai riga kafin ya sa almakashi. Johnny Hodges yana da busa mai taushi, sai ya bar masa wuraren da ake son zuciya ta narke. Bubber Miley yakan rufe bakin ƙahonsa da roba har ya yi gurnani kamar muryar mutum. Harry Carney, mai babban saksofon, shi ne ginshiƙin da sauran ke jingina da shi.

A ƙarshen 1927 Ellington ya samu aiki a Cotton Club da ke unguwar Harlem, gidan rawar da baƙaƙen fata ke yin kiɗa amma Turawa ne 'yan kallo. Rediyo ce ta tsallake wannan katanga, ta kai kiɗan kai tsaye har cikin gidajen waɗanda aka hana shiga. A rediyo kunne ne alƙali, don haka dole kowace busa ta fita da kamanninta. Faifan garmaho kuwa kimanin minti uku yake ɗauka, Ellington ko ya iya ƙulla labari ya warware shi cikin wannan ɗan lokaci.

Fim yana son wata ƙwarewar dabam, wato haƙuri. A 1959 shi da abokin aikinsa Billy Strayhorn suka yi kiɗan fim ɗin Anatomy of a Murder. Kiɗan yana bin sawun labari, in magana ta taso sai ya ja da baya. Kafin nan, a 1957, ya kai kiɗansa mai suna A Drum Is a Woman talabijin.

Abin da ya fi burge ni shi ne riƙon mutane. Carney ya shiga ƙungiyar Ellington a 1927, ya yi shekara 47 bai sauya maigida ba. Ellington ya rasu a watan Mayun 1974, Carney ya bi shi a watan Oktoba.