Wilfred Pickles da Karin Harshen Yokshaya

A cikin 'yan wasan kwaikwayo na Ingila, da wuya a sami wanda karin harshensa ya yi masa rana, ya kuma yi masa dare, kamar Wilfred Pickles. An haife shi a 1904 a Halifaks, garin masaƙar ulu a lardin Yokshaya. Ya fara hawa dandali tun yana saurayi, ya daɗe cikin masu wasa don sha'awa, kafin BBC ta ɗauke shi mai sanarwa a reshenta na Arewacin Ingila.

A wancan zamani gidan rediyon ba ya ba kowa karatun labarai sai mai Turancin manyan makarantu. A 1941, ana tsakiyar yaƙin Hitila, aka kirawo Pickles Landan ya karanta. Hujjar da aka bayar ita ce, in Jamusawa sun so su kwaikwayi muryar BBC don su ruɗi jama'a, bakin Yokshaya zai yi musu wuya. Watau dabarar yaƙi ce ta buɗe masa ƙofa, ba girmama karin ba. Masu sauraro kuwa suka yi ta aiko da ƙorafi, har waɗansu suka ga labari ba abin gaskatawa ba ne in ya fito daga irin wannan baki.

Sunan da ya yi na sosai a shirin Have a Go ne, daga 1946 zuwa 1967. Yana bin garuruwa da ƙauyuka, yana hira da talakawa, ya yi musu 'yan tambayoyi, a ba su kyautar kuɗi kaɗan. Daga baya matarsa Mabel ta zama mai miƙa kyautar. Masu sauraro sun kai miliyan 20. Amma fa a nan ne, a ganinmu, ɗan wasan ya shiga tarko. Jama'a suka ɗinka masa riga guda, ta Bayokshaye mai fara'a da barkwanci, shi kuma ya sa ta ya ƙi tuɓewa. Wasan The Gay Dog, wanda ya yi a dandalin Landan a 1952, aka mai da shi silima a 1954, wannan rigar ce dai, an sāke mata aljihu.

Wanda ke son ya san iyakar gwanintarsa sai ya dubi Billy Liar, silimar John Schlesinger ta 1963. Pickles ne Geoffrey Fisher, uban Billy, yaron nan maƙaryaci mai mafarkin gudu Landan, wanda Tom Courtenay ya fito a matsayinsa. Muryar ba ta sāke ba, ita ce wadda mutane suka saba ji tana yi musu wasa a rediyo, sai ga ta ta zama bulala. Uban ba ya buɗe baki sai da faɗa da gori. Duk da haka Pickles bai mai da shi azzalumi ba. In aka lura da wurin da yake yi wa Billy gorin karatun da aka ba shi, za a ga mutum ne wanda ya yi wahala don ɗansa ya fi shi, sa'an nan ya tsorata da ya ga ilmin ya raba su. Lalle Schlesinger ya san abin da ya yi da ya zaɓe shi, gama sanin da 'yan kallo suka yi wa muryar shi ya ƙara wa faɗan zafi.

Irin wannan dama ba ta sāke zuwa ba. A The Family Way ta 1966 ƙaramin matsayi aka ba shi, na kawu. A talabijin kuma, cikin For the Love of Ada, 1970 zuwa 1971, ya fito tsoho mai haƙa kabari yana neman auren gwauruwa, tare da Irene Handl. Wasa ne mai daɗin kallo, amma tsohuwar rigar aka ɗauko masa daga adaka. Ya rasu a Biraitin, can gaɓar Kudu, a 1978.