Awo da Basira: Me Littattafan Koyon Rubutun Fim Ke Yi wa Marubucin Hausa?

Bara, da zangon karatu na biyu ya kama, ƴan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kolejin da nake koyarwa suka zo mini da wata bukata. Sun gaji da wasan dandamali, suna so su shirya gajeren fim da wayar hannu, suna kuma so in koya musu yadda ake rubuta labarinsa. Ni malamin Faransanci da Hausa ne, ban taɓa riƙe kamara ba. Abin da na mallaka littattafai biyu ne da wani aboki ya aiko mini daga Yamai: La Dramaturgie na Yves Lavandier, wanda ya fara fitowa a 1994, da fassarar Faransanci ta Save the Cat! na Blake Snyder, wanda ya fito a Amurka a 2005. Wata uku muka yi muna juya su. Tun daga lokacin tambaya guda ta tsaya mini a rai: shin irin waɗannan littattafai suna ƙarfafa wa marubuci gwiwar amincewa da basirarsa, ko kuwa suna karɓe ta ne su ba shi awo a madadinta?

Ya kamata mu fara da abin da littattafan suka ƙunsa. Wanda ya buɗe wannan kasuwa a Amurka shi ne Syd Field, da littafinsa Screenplay na 1979. A wurinsa shafi ɗaya na rubutu daidai yake da minti ɗaya na kallo, fim kuma kashi uku ne: shafi 30 na shimfiɗa, 60 na gwagwarmaya, 30 na warwara. Christopher Vogler ya biyo baya a 1992 da tafiyar jarumi mai matakai 12, wadda ya tsamo daga nazarin Joseph Campbell a kan tatsuniyoyin duniya. Snyder ya fi su duka tsanani: ya raba labari gaɓa 15, ya kuma faɗi shafin da kowace gaɓa za ta faɗo, abin da zai tayar da jarumi daga zaune a shafi na 12, tsakiyar labari a shafi na 55. Robert McKee, a littafinsa Story na 1997, ya nace cewa shi tushe yake koyarwa, ba ya kafa doka. Kusan dukansu suna yin wannan rantsuwa a gabatarwa, sa'an nan su cika sauran shafukan da zane da lissafi. Mai koyo kuwa zanen yake riƙewa, domin shi ne mai saukin hardacewa.

Da yawa daga cikin marubutanmu za su ce wannan ba matsalarmu ba ce, mu da baiwa muke aiki. Wannan magana na bukatar bincike. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, fim ɗin Hausa na bidiyo ya girma ba tare da makarantar rubutu ba. Amma rashin littafi bai hana shi samun zubi ba. Bayan nasarar da Sangaya ya samu a 1999, waƙa da rawa suka zama kamar gishiri a miya, har ana iya tsara waƙoƙi kafin a san inda labari ya dosa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana nuna cewa auren dole, da soyayyar mutum uku, da waƙa da rawa su ne murhun da aka girka yawancin finafinan wancan zamani a kai, kuma tasirin finafinan Indiya a cikinsu a bayyane yake. Ashe abin da marubuci ke ji a ransa, yana kiran sa ilhama, sau da yawa ragowar finafinan da ya kalla ne tun yana yaro. Awo ne shi ma, sai dai ba a rubuta shi ba, don haka ba a ganin sa, balle a yi masa gardama.

Ke nan zaɓin da ke gaban matashin marubuci ba tsakanin ƙa'ida da ƴanci yake ba. Awo biyu ne a gabansa, na Hollywood da ke cikin littafi da na Bombay da ya shiga jini, basirarsa ta gaskiya kuma tana ƙarƙashinsu tana neman hanyar fita.

Abin da ya faru a ajinmu ya nuna mini haka ƙarara. Wata ɗaliba ta kawo labarin yarinyar da mahaifiyarta ta tafi Aljeriya neman abin sawa a baka, ta goya ƙaramin ɗanta, ta bar babbar a hannun kaka. A wannan yanki namu babu mai bukatar a yi masa bayanin irin wannan tafiya. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu kuma ƴan ƙasar Kance. Rubutun farko na ɗalibar cike yake da kayan aro: ga saurayi mai mota, ga waƙa a bakin tafki, ga kishiyar uwa mai mugunta. Wannan ita ce “baiwar” da babu littafin da ya taɓa.

Sai abokanta suka ɗauko Snyder suka yi wa labarin awo. Littafin yana son jarumi mai motsi, saboda haka yarinya ta gudu daga gida a minti na uku ta nufi Agadas. Yana son abokin gaba, sai aka ƙirƙiro mugun direba. Yana son arangama a ƙarshe, sai aka tsayar da yarinya gaban mahaifinta tana zazzaga masa magana don ya bar matarsa ta tafi. Kowace gaɓa ta faɗo a gurbinta, labarin kuma ya mutu. Mai labarin ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta ce: “Mushe, a gidanmu ba a yi wa uba haka.”

A wannan magana tata basirarta ta fito. Rikici a gidan Bahaushe ba kasafai yake fitowa ta baki ba. Kunya da kara da kawaici ba rashin rikici ba ne, su ne hanyar da rikicin ke bi. Ga yadda ta rufe labarinta daga baya. Uba ya dawo daga kasuwa da wayar da ya kai caji, ya kife ta a kan tabarma, ya ƙi taɓa tuwon da aka ajiye masa. Kaka ta dube shi, ta dubi ƙasa, ta kira yarinyar ta ce ta kwaso tabarmin gidan duka ta shimfiɗa a ƙofar gida, ta kuma aro na maƙwabta. Babu wanda ya ambaci mutuwa. Ba Snyder ne ya ba ta wannan ba, ba kuma fim ɗin Indiya ba. Zaman gida ne ya ba ta, da ido mai lura.

Amma adalci ya wajabta in faɗi abin da littafi ya yi mana. Lavandier bai damu da lambar shafi ba, tambayoyi yake yi: me wannan mutum yake nema, me ya tare masa hanya, me mai kallo ya sani wanda ɗan wasa bai sani ba? Tambayar farko ita ce ta kori saurayi mai mota da waƙar bakin tafki, domin abin da yarinyar ke nema ɗaya ne, ta ji muryar uwarta a waya. Ya kuma yi dogon bayani a kan shuka abu da wuri don a girbe shi a ƙarshe. Da wannan muka gane cewa wanda bai san al'adarmu ba ba zai fahimci maganar tabarmi ba. Sai muka sa a farkon fim an yi rasuwa a maƙwabta, an aiko aron tabarmi, yarinyar ce kuma ta kai. Basira ta samo hoton, littafi ya nuna inda za a kafa masa tushe.

Wannan rabon aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Damagaram, musamman wadda Yazi Dogo ya yi suna a cikinta, ba su dogara da rubutaccen zance ba. Kamar yadda Janet Beik ta bayyana a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ƴan wasa kan daidaita a kan jigo da jerin fitowa, sa'an nan kowa ya samo maganarsa a wurin gwaji. Ƙashin bayan a tsare yake, naman kuma na ɗan wasa ne. Haka Umaru Ganda ya shiga silima: a Moi, un noir na Jean Rouch, wanda ya fito a 1958, shi ya ɗora maganarsa a kan hotunan bayan an ɗauke su. Shekaru da dama bayan haka fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, kafin Syd Field ya buga ko shafi ɗaya na littafinsa. Waɗannan mutane suna da tsari, amma tsarin ya tsiro ne daga sanin jama'ar da za su kalla.

Hukuncina shi ne, littafin koyon rubutun fim ba ya haifar da basira, ba ya kuma koya wa mutum amincewa da ita kai tsaye. Amfaninsa na zuwa ta bayan gida: yana ba marubuci sunayen abubuwa, har ya iya bambance abin da ya gani da idonsa da abin da ya aro bai sani ba. Illarsa na zuwa ne idan aka buɗe shi kafin a rubuta komai, domin mai koyo zai cika gurabe maimakon ya ba da labari. Tela yakan gwada mutum ne kafin ya yanka yadi, ba ya yanka mutum don ya shiga riga. Shawarata ga malamai ƴan'uwana ita ce a bar ɗalibi ya gama rubutunsa na farko, kome muninsa, sa'an nan a kawo littafi a matsayin mai tambaya. A kuma fifita littafin da ke tambaya a kan wanda ke ƙidayar shafi.

Akwai sauran aiki a kanmu. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa suka nuna cewa rubutu sana'a ce mai zaman kanta, matasa da yawa kuma suna neman inda za su koye ta. Idan abin da za su samu fassarar Snyder ce kaɗai, za mu sauya uban gida ne kawai. Muna bukatar jagora da aka rubuta da Hausa, wanda zai nazarci yadda mai tatsuniya ke maimaita abu sau uku kafin ya juya shi, da yadda Abubakar Imam ya saƙa labari cikin labari a Magana Jari Ce, da yadda ƴan wasan Damagaram ke gina fitowa, da yadda shiru ke aiki tsakanin suruka da surukarta. Waɗanda suka san waɗannan abubuwa a aikace suna tsufa. Ya kamata a zauna da su da alƙalami da na'urar ɗaukar magana tun suna iya ba da amsa.

Yauri, Matamaye